Tsamin tsamiya, dutsen Agadas da hannun da rai ya zaɓa

Na daɗe ina karantar da ilimin sinadarai a wata makarantar lise a nan Tawa, kuma akwai darasi guda da ba na shiga aji dominsa sai da tsamiya a aljihu da takalmin roba ƙafa ɗaya a leda. Takalmin na hagu ne. Nakan kira yaro in ce ya sa shi a ƙafar dama. Ya juya shi, ya kife shi, ya mai da gabansa baya, takalmi ya ƙi zama. Roba ɗaya ce da ta ɗan'uwansa, awo ɗaya, launi ɗaya, amma babu juyin da zai mai da shi na dama. Daga nan sai in ɗaga tsamiyar in gaya musu cewa sinadarin da ke sa ta tsami shi ma yana da na hagu yana da na dama, kuma duk itacen tsamiyar da ke tsakanin nan da Ƙonni, da na Indiya, da kurangar inabin Faransa, hannu ɗaya tak suke ƙerawa.

A hutun da ya wuce na ba kawuna wannan labari muna zaune ana dafa shayi. Tsohon ɗan kasuwa ne, ya sha hanyar Agadas tun ban san kaina ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro na ɗaukar yara duk damina, kai kuma kana koya wa ƴaƴan mutane hagu da daman abin da ido ba ya gani? Allah ne ya yi shi haka. Me ya rage?"

Na ce: "Kawu, haka ne, Allah ne ya yi." Ban da ja a kan wannan, kuma har gobe ba ni da shi. Wanda ya san Allah ne ke saukar da ruwa bai daina duban hadari ba, bai daina tambayar daga wace kusurwa iska ke tasowa ba. Amma sauran tambayar tasa, wato me ya shafe mu, ta fi ƙarfin a amsa ta tsakanin kofi biyu na shayi. Na daɗe ina juya ta, domin ba shi kaɗai ke yin ta ba. Iyayen ɗalibai na yi, har wasu abokan aikina na yi. Ra'ayina shi ne ta shafe mu, ta shafe mu fiye da yadda ta shafi waɗanda ke da manyan ɗakunan bincike.

A 1848 wani matashi Bafaranshe, Louis Pasteur, yana da shekara 25, ya zauna da wani gishiri da aka haɗa daga irin wannan sinadari na tsami. Masana sun rasa gane wani abu: akwai kala biyu na sinadarin, komai nasu ɗaya a awo, amma ruwan ɗaya yana murɗa haske idan an ratsa shi ta ciki, ɗayan ba ya murɗawa. Pasteur ya duba ƙwayoyin gishirin wanda ba ya murɗawa a madubin ƙara girman abu, sai ya ga ashe ƙwayoyin iri biyu ne a gauraye, wasu gefensu ya karkata dama, wasu hagu, kamar hannu da hotonsa a madubi. Ya ɗauki ɗan hantsaki irin matsefatar cire ƙaya ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, kamar mace na tsintar tsakuwa a wake. Da ya narka kowane tari daban, ɗaya ya murɗa haske dama, ɗaya hagu. A gauraye suna kashe juna ne. Bayan kimanin shekara goma ya ƙara gano abin da ya fi wannan girma: in aka ba ƙananan halittu gaurayen, hannu ɗaya suke cinyewa su bar ɗayan. Rai yana zaɓe.

Yau mun san zurfin zaɓen. Naman jikinmu da jininmu an gina su ne da furotin, furotin kuma sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid, iri 20. Ɗaya daga cikinsu, gilisin, ba shi da hannu. Sauran 19 duka na hagu ne, a jikin mutum, a jikin raƙumi, a gero, a sauron da kawu ke kuka da shi. Sukarin da ke cikin ƙashin bayan DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na kowane mai rai, kuwa na dama ne. Sunan hagu da dama laƙabi ne da masana suka sa don rarrabewa, amma bambancin na gaske ne. Kuma idan mai sinadarai ya haɗa amino asid a kwalba ba tare da taimakon wani abu mai hannu ba, rabi da rabi yake samu. To ta yaya duniyar da ya kamata ta fara da rabi da rabi ta ƙare da hannu ɗaya?

Dalilin da ya sa dole rai ya tsaya kan hannu ɗaya ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa kallon mai tufka igiya. Tufka gefe ɗaya take bi. In ka murɗa wani sili dama wani hagu, tufka da warwara kake yi, igiya ba ta samuwa. Sarƙar furotin ma naɗewa take yi, kuma naɗin ba ya tsayuwa da tubala masu saɓanin hannu. Abin da ba a warware ba shi ne farkon lamarin: wa ya fara rinjaye, kuma me ya sa hagu?

Wasu sun nemi amsar a can cikin ƙwayar zarra. A ƙarshen 1956 zuwa farkon 1957 wata masaniya ƴar asalin Sin, Chien-Shiung Wu, ta nuna a Amurka cewa ɗaya daga cikin ƙarfafan da ke aiki a cikin zarra yana bambanta hagu da dama. Sai dai fifikon da wannan zai ba amino asid na hagu ƙanƙane ne ƙwarai, har yau ba a iya auna shi ba. Wasu sun ɗaga kai sama: akwai haske mai murɗawa a wuraren da taurari ke haihuwa, wanda zai iya ƙona hannu ɗaya fiye da ɗayan kafin ma duniya ta samu. A 2023 wasu masu bincike a jami'ar Harvard suka nuna cewa fuskar dutsen maganaɗisu na iya tara hannu ɗaya na wani sinadari da ake ganin daga gare shi RNA, ƴar'uwar DNA, ta samo tubalanta.

Ni abin da ya fi kama hankalina ba waɗannan ba ne. Tun 1953 wani masani Baturen Ingila, Charles Frank, ya nuna da lissafi cewa ba a buƙatar babban fifiko tun farko. In sinadari na iya haifar irinsa, kuma yana danne kishiyarsa, to ɗan rinjaye kaɗan, ko na dace ne, zai ci gaba da cin ɗayan har ya shafe shi. Mu mutanen iyaka mun ga irin wannan da idonmu. Najeriya a da hannun hagu take tuƙi, gadon Ingila. Amma Nijar, Benin, Cadi da Kamaru duk dama suke bi, motoci kuma kullum suna ƙetarawa. A 1972 Najeriya ta koma dama. Ba wai dama ta fi hagu albarka a kan kwalta ba, yawan maƙwabta ne ya ja ta. Lissafin Frank ya zauna a takarda shekara 42 kafin Kenso Soai na Japan ya samu haɗin sinadarai da ke yin haka a zahiri, a 1995. A 2005 kuma wani masani a Sifen, Cristóbal Viedma, ya yi abin da nake so in gwada da ɗalibaina wata rana: ya zuba ƙwayoyin wani gishiri na hagu da na dama a ruwa, ya sa ƴan duwatsun gilashi suna niƙa su ba tsayawa, bayan wani lokaci duk suka koma hannu ɗaya. Niƙa kawai. In haka ne, mai yiwuwa igiyar ruwa da yashi sun isa su fara aikin.

Yanzu in dawo kan kawu.

Duk wanda ya taɓa sayen magani a farmasi ko a tiren mai talla ya riƙe wannan tambaya a tafin hannunsa. Jikinmu mai hannu ne, don haka yana karɓar magani ne kamar musabaha: dama da dama su haɗu daram, dama da hagu a yi ta lalube. Ibuprofen da muke sha don ciwon jiki gauraye ne na hannu biyu, ɗaya ne ke aikin, jiki kuma yana juya wani kaso na ɗayan zuwa mai aikin. Etambutol na tarin fuka hannu ɗaya ake bayarwa don shi ne mai ƙarfi. Lebofuloksasin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, rabin ofuloksasin ne da aka ware. Ko na'ana'ar da ke cikin butar shayinmu, sinadarin ƙamshinta in aka juya shi a madubi sai ya koma ƙamshin wani ɗan iri da Turawa ke barbaɗawa a burodi. Hanci ma ya san hagu da dama.

Akwai labarin talidomid, maganin da aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, mata masu ciki suka riƙa sha don tashin zuciya, aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961. Ana yawan cewa hannu ɗaya ne mai magani, ɗayan mai cuta. Gaskiyar ta fi haka ɗaci, domin ko an ba mace hannun da ke magani zalla, jiki na juya shi ya koma gauraye. Ina faɗin wannan ne don in nuna cewa rabin sani a wannan fage haɗari ne. Ƙasar da kusan duk maganinta daga waje yake zuwa, wani ta ƙofa wani ta ɓarauniyar hanya, tana buƙatar ƴaƴanta da za su iya kama kwalba su ce wane hannu ne a ciki, kuma nawa. Yaron da zai yi wannan aiki a Yamai nan da shekara goma, yau yana zaune a aji irin nawa, yana fama da takalmin roba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami dutse ne. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutse a jihar Agadas mai nauyin kusan kilo 25, aka tabbatar daga duniyar Mas ya faɗo, kuma shi ne mafi girma irinsa da aka taɓa samu a doron ƙasa. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a birnin Niyok a kan dala miliyan 5.3, kusan biliyan 3 na sefa. Sunan da duniya ta san shi da shi NWA 16788 ne, haruffan na nufin arewa maso yammacin Afirka. Ko sunan Nijar babu a jikinsa. Gwamnati ta buɗe bincike, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Na ji ana ta muhawara a fada da gidajen rediyo, kusan duka a kan kuɗin. Kuɗin da zafi, ban musa ba. Amma ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda na ji ya tambayi me ake karantawa a cikin duwatsun sama.

Wannan na Mas ba irin wanda ke ɗauke da amino asid da yawa ba ne, dutsen aman wuta ne. Amma akwai ƴan'uwansa baƙaƙe masu gawayi a jiki, kuma su ne manyan shaidu a shari'ar hagu da dama. Ɗaya ya faɗo kusa da garin Murchison a Ostiraliya a watan Satumba na 1969, aka samu amino asid iri-iri a cikinsa. A 1997 John Cronin da Sandra Pizzarello suka ba da rahoton cewa a wasu daga ciki na hagu ya ɗan fi yawa. Shekaru da dama mutane da yawa suka ɗauka magana ta kusa ƙarewa: daga sama aka yo mana guzurin hagu. Sai hukumar sararin samaniya ta Amurka ta aika kumbo ya ɗebo ƙasa daga wani dutse mai yawo a sama da ake kira Bennu, ya dawo da ita a Satumban 2023, giram 120 da ɗoriya, wadda ba ta taɓa ƙasarmu ba. Sakamakon da aka fitar a Janairun 2025 ya nuna 14 daga cikin amino asid 20 na furotin suna ciki, amma hagu da dama kusan kunnen doki. Shari'a ta dawo sabuwa.

Dubi abin da wannan ke nufi. Wasu sun kashe ɗaruruwan miliyoyin dala da shekara bakwai na tafiya don su samo abin da bai cika kofin shayi biyu ba. Mu kuma hamadarmu, saboda bushewarta da faɗinta, tana ajiye duwatsun sama dubban shekaru, baƙi a kan farin yashi, har makiyayi ya gan su daga kan raƙumi. Muna da jami'a a Yamai mai sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana tun lokacin da mutane ke ganin abin wasa ne. Muna da gidan tarihi na Boubou Hama. Ban ce a hana mai tsintuwa cin gajiyar tsintuwarsa ba, in aka hana shi ma ɓoyewa zai yi. Abin da nake so shi ne doka ta ce duk dutsen da zai fita a rubuta inda aka same shi, a yanki wani kaso a bar shi a gida, kuma duk wanda zai yi bincike a kansa ya ɗauki ɗalibinmu su yi tare. Dakatarwa kaɗai ba ta koya wa kowa komai.

Akwai kuma abin da ya fi dutse nauyi. Tunda an gane rai hannu ɗaya yake bi, wasu masana sun fara tunanin gina kishiyarsa: ƙwayar bakteriya da duk tubalanta aka juya, amino asid na dama, sukari na hagu. An riga an ƙera wasu sassan, wani ɗakin bincike a Sin ya haɗa furotin na madubi mai kwafe DNA tun 2016. A watan Disamba na 2024 masana 38, ciki har da masu lambar Nobel biyu, Jack Szostak da Greg Winter, suka buga gargaɗi a mujallar Science tare da rahoto mai shafi kusan 300, suna cewa kada a yi. Cikin masu sa hannun har da Kate Adamala, wadda ita kanta take kan hanyar ƙera irin wannan ƙwaya kafin ta sake tunani. Hujjarsu ita ce garkuwar jikinmu tana gane maƙiyi ne ta hanyar laluben siffarsa, kuma lalube na hannu ne. Ƙwayar madubi za ta iya wucewa ba a gane ta ba. Ƙananan halittun da ke cin bakteriya su rage yawanta a ƙasa da ruwa ba za su iya kama ta yadda suka saba ba. Magunguna da yawa ba za su yi mata komai ba. Abinci kuwa za ta samu, don akwai sinadaran da ba su da hannu. Kuma ba mutum kaɗai ba, dabba da shuka ma suna cikin haɗarin. Sun ce abin ba zai yiwu ba sai nan da shekara goma ko fiye, shi ya sa yanzu ne lokacin magana.

Na san akwai masana na ƙwarai da ke ganin an yi gaggawar tsorata mutane, kuma suna tsoron kada hani ya shafi bincike mai amfani. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Ƙananan sinadarai na madubi na iya zama magani mai kyau, tunda jiki ba ya saurin narkar da su. Binciken asalin hannun ma dole a ci gaba da shi, ni ne na farko mai son jin amsar. Inda na ja layi shi ne abin da ke haihuwar kansa. Sinadari in ya zube a share shi. Abin da ke hayayyafa in ya fita, ba mai kiran sa ya dawo.

In kuwa ya fita, wa zai fi ji a jika? Mu da muka ga sanƙarau na 1995, mu da muka ga yadda allurar korona ta zagaye ƙasashe masu kuɗi kafin ta iso gare mu, ba ma buƙatar a zana mana hoto. Mutumin da dukiyarsa awaki goma ne da gonar gero ɗaya ba shi da inda zai ɓuya. An yi babban taro kan wannan batu a cibiyar Pasteur ta Paris a watan Yuni na 2025, kuma tattaunawar na ci gaba. A Yamai muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES, wadda ke cikin zumuncin cibiyoyin Pasteur na duniya. Ƙofa tana nan ke nan. Ina so in ji likitocinmu da malaman jami'o'inmu, na Yamai da na nan Tawa, sun zauna sun fitar da matsaya, hukuma ta ɗauka ta kai gaban sauran ƙasashen Afirka, a ce da murya ɗaya ba mu yarda a ƙera wannan halitta ba, ko a ina ne. Amma ba za ka iya cewa a'a ga abin da ba ka fahimta ba. In ka je taro ba ka san me ake nufi da amino asid na dama ba, kujera kawai za ka cika.

Shi ya sa ba zan daina zuwa aji da tsamiya ba, kuma ina roƙon abokan aikina kada su tsallake wannan babi don sauri a gama manhaja kafin jarrabawar bak. Ba ya buƙatar kayan miliyoyi. Hasken fuskar kwamfuta, kwalbar ruwan sukari mai kauri da tabarau na hana ƙyallin rana sun isa yaro ya ga haske na murɗawa da idonsa, launi na canzawa yana juya tabarau. Na ga yadda aji mai surutu ke yin tsit a wannan lokaci.

Da na koma wurin kawu na ba shi labarin dutsen Agadas da na Bennu, bai ce na yi gaskiya ba. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To ɗana, in yaranmu da ke bin hanyar nan suka ga baƙin dutse a kan yashi, me za su yi?" Na ce: "Kawu, su fara ɗaukar hotonsa a inda yake, su sa wayarsu ta riƙe wurin. Sannan kada su taɓa shi da hannu, su naɗe shi a takardar alminiyom mai tsabta." Ya ce me ya sa, ko yana ƙuna ne. Na ce ba ya ƙuna. Gumin yatsanmu cike yake da amino asid na hagu, in ya shiga dutsen, mai bincike ba zai ƙara sanin wanne ne ya zo daga sama wanne ne namu ba. Kawu ya buɗe tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in rubuta masa sunan takardar, zai aika wa wani direba a Agadas.